Udan na Takwas

A garinmu Pa Libun mutum ba ya mutuwa da sunan da aka raɗa masa. In ka haihu sai ka yanka ɓauna, ka tara jama'a ka ɗauki sabon suna. In ka yi jika ka sake yanka wata ka ɗauki na uku, kuma kowa da bakinsa yake zaɓar nasa. Shi ya sa duk faɗin duwatsun Sarawak, a tsibirin Borneo, ba inda ya kai mu manyan mutane. Mai garinmu Balang Langit ne, wato Damisar Sama, mutumin da ba ya hawa tsanin dogon gidan da duk garin ke zaune a ciki sai ya huta a tsakiya. Marigayi ubansa kuwa Pun Maran Ribuh, Kakan Sarakuna Dubu, ko da yake jikokin nasa tara ne, biyu suna tuƙa motar katako a birnin Miri.

Mutum ɗaya wannan al'ada ta tsallake, shi ne tsohon da ke dafa gishiri a maɓuɓɓugar bayan gari. Ya kai tamanin, matarsa ta rasu ba su haihu ba, ba shi kuma da ɗan'uwan da zai ara masa jika, don kakarsa baiwa ce da aka sayo da tulu biyu daga wani kogi. Tun da muka shiga coci muka daina wannan magana, amma kowa ya san ta har yaran da ba su iya ɗaura wando ba. Saboda haka yana nan da sunan yarinta, ga furfura har gira. Don mu rufa masa asiri sai muka daina kiran sunan ɗungurungum, muka koma ce masa Baba Mai Gishiri. Mun shekara hamsin muna wannan kirki har sunan ya ɓace mana.

Na san abin yana cin ransa. Duk bikin sauya suna shi ke kawo gishiri, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya tun kafin a fara kiran sunaye. Wata rana yana ɗaure mini gishiri a ganye ya ce, "Malama, in na mutu me za ku rubuta a jikin gicciyen kabarina?" Na ce, "Haba Baba, wa ke maganar mutuwa?" Na karɓi gishirina na yi gaba abina. Ni ke nan da na shekara talatin da ɗaya ina koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya a makarantar garin.

A shekara ta 2005 takarda ta zo daga ofishin gunduma. Wata Ba'amurkiya mai suna Marcy za ta zo. Kakanta, Wendell Kruse, matuƙin jirgin yaƙi ne da Japanawa suka harbo a samanmu a farkon 1945. Ya rasu bara, ya bar wani littafi da ya rubuta da hannunsa, a ciki ya ce wani saurayi ɗan Pa Libun mai suna Udan ya goya shi kwana goma sha ɗaya a daji, ya ɓoye shi wata huɗu har sojojinsu suka zo suka ɗauke shi. Tana son ganin Udan ko zuriyarsa. Bayan ta da kwana tara kuma wani jami'i zai biyo da lambar girma.

Kafin takardar nan ba mai zancen yaƙi a garinmu. Zamani ne na giyar shinkafa da sare kawuna, fasto kuwa ya ce tsofaffin al'amura sun shuɗe. In ka tambayi tsoho ina yake lokacin Japanawa sai ya ce yana gona. Ranar da aka karanta takardar a barandar dogon gidan, inda muke taro, kafin mai karatun ya naɗe ta, kowa ya dawo daga gonar.

Mai gari ya gyara zama ya ce, "Ai magana ta ƙare, babana ne. Sunansa na yarinta Udan."

Sinah Doo Ulun, wata tsohuwa da ba ta taɓa haɗiye magana ba, ta cire taba daga baki ta ce, "Ranka ya daɗe, wane baban naka? Wanda na sani Lutu ake ce masa, mai shiga ƙarƙashin tabarma in an yi tsawa. Udan kawuna ne."

"Kawunki mai ƙafa ɗaya da rabi? Shi zai goya Bature?"

"Ai goyon ne ya gajarta masa ita!"

Kafin a tashi an sami Udan huɗu, washegari suka cika bakwai. Ba wanda za a ƙaryata, don kowane tsoho a garin ya taɓa zama wani, kuma ba a rubuta sunan yarinta a ko'ina. Dukkan bakwai ɗin sun mutu, abin da ya ƙara musu dacewa, tunda mamaci ba ya gyara wa mai ba da labarinsa zance. Ni kaina na kwana biyu ina tunanin ko yayan mijina ne, sai da mijin nawa ya tuna mini cewa shekararsa shida lokacin yaƙin.

Aka naɗa ni sakatariyar kwamiti kuma tafinta. Na zauna na jera sunayen duk dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, ina bin kowane baya baya, daga sunan jika zuwa na haihuwa zuwa na yarinta. Tambayarmu ɗaya ce mu duka: wane ne ya taɓa zama Udan? Ko sau ɗaya bai faɗo mana ba cewa mutum zai iya kai wa yau yana nan a Udan ɗinsa.

Marcy ta sauko daga ƙaramin jirgin da ke zuwa mana sau biyu a mako, doguwa, rana ta riga ta dafa mata hanci. Muka tarye ta da busar sarewar gora, ta gaisa da mutum ɗari biyu hannu da hannu har da jarirai. Daga nan gidajen nan bakwai suka shiga rabonta, kowa da ranarsa da hujjarsa. Wannan ya fito da riga ta ƙyallen laimar da matuƙi ke dirowa da ita, wancan da cokali na ƙarfen fiffiken jirgi. Matsalar ita ce duk ɗakin da ka shiga a Pa Libun akwai rigar laima da cokalin fiffike, don jirgin nan tun bai huce ba iyayenmu suka rarraba shi.

Mai gari ya ba da nasa labarin a tsaye. Ubansa ya saɓa Baturen a kafaɗar hagu, adda a hannun dama, ya ratsa ta tsakiyar Japanawa arba'in. Ni da nake fassara na ce huɗu, duk da haka sai da ta ɗaga gira.

Ta buɗe littafin kakanta ta ce in tambaye su wace ƙafa ya karya. Gida huɗu suka ce hagu, uku suka ce dama. Littafin ya ce duka biyun. Ta ce me aka ciyar da shi? Mai gari ya ce kaza da safe, ɓauna da yamma. Littafin ya ce shinkafa da gishiri, sai ran nan da aka yi sa'ar kama mesa.

Marcy ta fara fid da rai. Shi kuwa mai gari ko a jikinsa. Ya sayo ɓauna da aladu shida, ya sa kafinta ya kafa turke a ƙofar ɗakinsa inda za a rataya hoton ubansa da lambar. Ya ja ni gefe ya ce, "Malama, ke ce bakinta, ke ce kunnenta. Ki daidaita mana zancen."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na riga na kashe maka Japanawa talatin da shida, me kuma ya rage?"

A rana ta shida ta nuna mini wani shafi. Kakanta ya rubuta cewa bukkar da aka ɓoye shi kullum cike take da hayaƙi, ana ta dafa ruwa ba a sha. Na ce ai wannan maɓuɓɓugar gishiri ce, tafiyar awa ɗaya, mu je ta ga wurin ko ta ɗauki hoto. Wurin kawai na yi niyyar nuna mata. Har muka kama hanya da safe muna cire matsattsaku daga ƙafa, mutumin da ke zaune a wurin bai zo mini a rai ba.

Muka same shi yana tura itace ƙarƙashin rabin durom, ruwan gishiri na tafasa. Ya shimfiɗa mana buhu muka zauna. Marcy ta ɗauke shi hoto, ta ciro alƙalami, don duk wanda ta ɗauka sai ta rubuta sunansa.

Ta ce, "Yaya sunansa?"

Na ce, "Baba Mai Gishiri."

"Wannan ai sana'arsa ce. Sunansa nake nufi."

Na sassauta murya na ce a nan ba a tambayarsa wannan. Amma Ba'amurke bai san kawaici ba. Ta juya kansa kai tsaye ta tambaye shi da ɗan Malayanci, harshen ƙasar, da ta koya a jirgi. Na ji kamar in nutse. Ya ci gaba da juya ruwansa har na ɗauka bai ji ba, can ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

"Udan."

Alƙalamin ya faɗi daga hannunta. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na san sunan nan. Ina ƙarama na sha jin matarsa tana kiransa da shi daga bakin rafi.

Na ce, "Baba, kai ne?"

"Ni ne wa?"

"Udan na Baturen."

"Ai kun sami bakwai, Malama. Ba su ishe ku ba?"

"Don Allah me ya hana ka magana? Kana baranda ranar da aka karanta takardar."

Ya ajiye muciyar ya ce, "In miƙe a gaban surukan mutane da jikokinsu in ce ga sunana? Da wannan furfurar? Kuma ku wanda ya taɓa zama Udan kuke nema. Ni har yanzu shi ne."

Marcy tana ta jan rigata in fassara. Da na fassara sai ta matso ta durƙusa a gabansa cikin toka, ta ce ya ba ta labarin yadda ya faru. Ya yi ta noƙewa, daga baya ya zauna a kan guntun itace ya fara.

Ya ce lokacin yana da kamar shekara ashirin, yana bauta a gidan Pun Maran Ribuh. Mata ne suka ga Baturen yana reto a bishiya a gefen gona, igiyoyin laima sun sarƙe shi. Aka sauko da shi aka kai baranda, manya suka yi ta shawara har shinkafa ta huce. Japanawa na tafiyar kwana biyu daga nan, garin da aka kama da Bature kuwa ƙone shi ake yi. Ƙarshe Kakan Sarakuna Dubu ya yanke hukunci, ya ce a fitar masa da wannan bala'i daga ƙasa, Udan ya ɗauka, in an kama shi ba a yi asarar ɗan kowa ba.

"Na goya shi a kwandon ɗaukar shinkafa, na huda gindin ƙafafun suka leƙo. Nauyi kamar ɓauna ta sha ruwa. Ga waƙa, mutum ƙafa biyu a karye amma bakin lafiya lau. In yana son mu bi dama sai ya ja mini kunnen dama, wai shi matuƙi."

Marcy ta yi wuf ta buɗe littafin ta karanto inda kakanta ya ce da zoben tagullar kunnen Udan yake riƙewa in za su haura tudu. Tsohon ya shafa dogon kunnensa ya ce, "To ya faɗi gaskiya, har yau na dama ya fi tsawo."

Ta buɗe wata taswira da kakanta ya zana, layi ya ratsa koguna da duwatsu kusan rabin Borneo. Ta ce ina ne suka kai bayan kwana goma sha ɗayan?

Ya ce, "Nan."

"Nan ina?"

"Nan da kike zaune. Duk garin da muka je sai su ba mu shinkafa a ganye su yi mana addu'a su nuna mana hanyar gari na gaba. Gari biyar. Da na ga ba mai karɓarsa sai na kewayo da shi gida ta bayan dutse. Ban gaya masa ba, ya ji daɗin tafiyar."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Ta ce shekara hamsin kakanta yana nuna wa baƙi taswirar nan a falonsa.

Sai ta ce akwai wurin da ba ta gane ba. Kakanta ya rubuta cewa ya yi kwana biyu a rami ƙarƙashin tulin itace, yana jin ihu, kuma bai ƙara ko kalma a kai ba. Ko da ransa in aka tambaye shi tashi yake ya fita.

Tsohon ya gyara zama. Ya ce Japanawa biyar ne suka zo, sun tsinci takalmin Baturen a bakin rafi. Suka ɗaure shi, shi Udan, a turken bukkar, ramin da ya ɓoye Baturen na taku goma daga wurin.

"Suka yi ta tambaya, na ce ni gishiri na sani. Suka doke ni da gindin bindiga inda ba a dukan namiji. Kwana biyu. Da suka gaji suka ɗebi gishiri suka tafi." Ya tura itace cikin wuta. "Bayan yaƙi na auri Supang. Ta sha sassaƙe, ta sha saiwa, mata suka yi ta cewa ita ce juya. Na san ba ita ba ce, Malama. Na bar su suna faɗa har ta mutu."

Tun da aka naɗa ni tafinta, wannan ne karo na farko da na fassara magana ban rage ba ban ƙara ba.

Marcy ta rufe littafin. Ta buɗe jaka ta ciro wani hoto ta sa masa a hannu. Wendell ne a tsakiya kan kujera, tsoho tukuf, kewaye da 'ya'ya huɗu da jikoki goma sha uku da wasu jarirai a cinya. Baba ya kai hoton bakin ƙofa wajen haske, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Duk nasa ne?"

Na ce duk nasa ne.

"Ashe bai yi zaman banza ba." Ya yi murmushi.

Ta ce in gaya masa gwamnati za ta ba shi lambar girma nan da kwana uku. Ya ce, "Dafa ta ake yi?" Ta ce to me yake so, kwanon rufi, ko a kai shi asibiti a Miri? Ya ce rufinsa ba ya yoyo.

A nan ne haushi ya kama ni, na kaina da na garinmu. Na juya na zayyana mata komai, yadda ake ɗaukar suna, da dalilin da ya sa tsoho kamar wannan yake ajiye gishiri a ƙofa ya gudu. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi hoton ta dube shi, ta ce, "Ki gaya masa ni jikarsa ce. Ba don shi ba da babu ko ɗaya a cikin hoton nan."

Na gaya masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni ke da wannan magana ba. Ta baranda ce."

Da yamma muka kai ta baranda. Da na ce an ga Udan, yana raye, kuma ga shi can zaune a bakin tsani inda ya saba, sai wurin ya yi tsit har kana jin aladun mai gari suna cin dusa a ƙasa. Na ga tsofaffi suna sunkuyar da kai, su ma sunan ya dawo musu. Na ƙara da cewa zai ɗauki sunan kaka, ga jikarsa.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Abin farin ciki ne. Sai dai jika jini ne, Malama. Al'ada ba wasa ba ce. Sannan akwai maganar asali, wadda ba sai na faɗa ba."

Aka dubi fasto. Fasto ya ce a gaban Ubangiji kowa ɗaya ne, amma lallai kuma al'ada tana da muhimmanci, ya kamata a yi addu'a a kai. Ya rufe ido tun ba a ce ya fara ba.

Sinah Doo Ulun ta ce, "Jini? Kai da ka zama Damisar Sama da ɗan ƙanen matarka, wanda aka haifa a birnin Kuching, har yau ba ka san kamanninsa ba? Rufe mana baki, Lutu ƙarami."

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya na ce, "Ranka ya daɗe, jami'i na zuwa da 'yan jarida biyu, kuma ni ce tafinta. In an tambayi Baba wa ya aike shi da Baturen, da kuma abin da aka ce lokacin aiken, yadda ya faɗa haka zan fassara. Na daina ragi."

Mai gari ba wawa ba ne. Nan da nan fuskarsa ta washe. Ya miƙe ya buɗe hannuwa ya ce, "Jama'a, ai ɗan gidanmu ne! A ɗakinmu ya tashi. Cikin samarin garin nan kaf wa ya hango jarumtarsa ya zaɓe shi? Babana! Bikin sunansa a wuyana yake, ga ɓauna a ɗaure."

Aka yi tafi. Washegari sauran gidaje shidan suka wayi gari da zumunci. Wannan ya tuna kakarsa ta shayar da shi, waccan ta tuna marigayiya Supang 'yar ƙanwar kishiyar gwaggonta ce. A wurinmu in mutum zai ɗauki sunan kaka, danginsa ma suna iya sabunta nasu a kan naman bikin. Mutumin da ya shekara tamanin ba shi da kowa ya tashi da 'yan'uwa sittin da ɗaya, duk na rubuta su.

Ana gobe biki ya zo ɗakina, ya tsaya a ƙofa yana murza hularsa. Na ce ya shigo ya zaɓi suna, na fara jero masa masu nauyi, Damisar Yaƙi, Damisar da Ta Gagari Dubu.

Ya ce, "Damisa sun yi yawa a garin nan, Malama. Ina da nawa, na daɗe da ajiye shi." Ya waiga ko wani na ji, ya raɗa mini: Pun Ngimat Ulun, Kakan da Ya Riƙe Rai. Ya sa na maimaita sau biyu ya ji yadda yake fita a bakin wani.

Ranar biki gajimare ya rufe duwatsu, jirgin jami'i bai sauka ba. Mai gari ya so a jira, Sinah Doo Ulun ta ce nama ba ya jiran gwamnati. Da tsakar rana aka buga ƙarfe, mai shela ya hau turmi. Baba yana zaune a tsakiyar baranda, wurin da bai taɓa zama ba, Marcy na gefensa da hular duwatsun ado da aka ara mata ta yi mata kaɗan. Mai shela ya kira sunan. Tsohon ya dafa kafaɗarta ya miƙe, jama'a suka amsa sunan sau uku da ƙarfi don ya zauna, aka kuma shelanta cewa daga yau wanda ya kira shi da tsohon suna ya zage shi, tararsa kaza. Bai yi kuka ba. Ni na yi kukan, kuma ban ɓoye ba.

Wajen ƙarfe uku jirgi ya sauka. Jami'in ya hau tsani yana haki cikin kwat, 'yan jarida na biye. Ko ruwa bai sha ba ya ciro takarda ya karanta mana jawabi a kan jaruman da tarihi ya manta, da yadda ofishinsu ya yi bincike mai zurfi har ya gano wannan. Ya buɗe ɗan akwati, lambar tana ƙyalli, ya ɗaga murya.

"Udan na Pa Libun!"

Ba wanda ya motsa. Ya sake kira, ya kuma. Can baya wani ya ce, "Kaza uku ke nan."

Na je na raɗa masa abin da ya faru, na nuna masa tsohon. Ya duba takardarsa ya ce shi Udan aka rubuta masa, ba zai miƙa kayan gwamnati ga wani suna daban ba, sai dai mutumin ya amsa da bakinsa a gaban shaidu. Ya taka har inda tsohon yake zaune yana warware ganyen tuwon shinkafa, ya ranƙwafa.

"Baba, kai ne Udan?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi da kyau, ya dubi lambar. "A'a, ɗana."

"To ina yake?"

"Ya tafi da tsakar rana. Da kun yi sammako da kun same shi, shekara sittin yana nan ba inda ya je."

Jami'in ya tsaya da akwatinsa a buɗe bai san inda zai sa shi ba. Pun Ngimat Ulun ya zaɓi tsoka mai kyau ya ɗora a ganye ya tura gaban Marcy, ya ce mini, "Malama, gaya wa jikata ta ci. Tun safe ba ta sa komai a cikinta ba."